Bayan An Fito Daga Ruwan Baftisma

Wanda ya hau mota a Kabuga ya nufi Gwarzo zai wuce Janguza da Rimin Gado da Garo ba tare da ya ga wata alama da za ta nuna masa akwai Kiristoci 'yan ƙasa a wannan yanki ba. Sai in ya sauka daga kwalta, ya bi burtali ya shiga gidajen da ke warwatse cikin gonaki, a nan ne zai iya cin karo da ɗan ginin ƙasa mai rufin kwano, da gicciyen katako a saman ƙofa, da tsohon wilin mota rataye a bishiya wanda ake bugawa a madadin ƙararrawa. Mutanen da ke shiga ginin nan ranar Lahadi Hausawa ne gaba da baya. Ba su da wani gari da za su koma, ba su da wani harshe ban da wannan. Za ka ji Tanko da Barau da Lami da Dije, ka kuma ji Bulus da Yohanna da Saratu da Rifkatu, sau da yawa a gida ɗaya. Ni ɗaya ne daga cikinsu. Kakana Bamaguje ne, mahaifina shi ya fara shiga coci a gidanmu, ni kuwa a ciki na buɗe ido, yanzu kuma ina koyar da ajin manya a makarantar Lahadi.

Abokaina Musulmi, waɗanda muka yi firamare tare kuma muke cin kasuwa ɗaya, sukan tambaye ni da zuciya ɗaya: ku ban da waƙar ranar Lahadi, me addininku yake nema a wurinku? Tambaya ce mai kyau, kuma ko a cikinmu ba kowa ne ya taɓa zama ya amsa wa kansa ita ba. A taƙaice, Kirista ya gaskata cewa ceto kyauta ce daga Allah ta wurin Yesu Almasihu, aikin mutum ba ya sayenta. Amma wanda ya karɓi kyautar nan ana sa ran halinsa ya yi ta sauyawa har ranar da zai bar duniya: fushinsa ya ragu, bakinsa ya tsaya kan gaskiya, hannunsa ya buɗe, ya iya yafe wa wanda ya cuce shi. Wannan sauyin shi muke kira girma cikin bangaskiya. Hanyarsa kuma almajiranci, wato ka bi sawun Yesu kana koyo a wurin wanda ya riga ka, kai ma kana jan wani a bayanka.

Bishara ba ta shigo ƙasar Kano da sauƙi ba. A 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar CMS ya iso birni tare da Likita Walter Miller da abokan tafiyarsu, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 ma, gwamnatinsu ta daɗe tana taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakunan Musulmi. Miller ya zauna a Zariya daga 1905, aka mai da aikin Wusasa a 1929, kuma yana kan gaba cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932. A nan yammacin Kano ƙungiyar SIM ce ta fi yin tasiri, kuma magani ne ya buɗe mata ƙofa: kula da masu cutar kuturta a Yadakunya, asibitin ido a Kano daga 1943, sai ƙananan tashoshi a karkara irin su Kabo da Karaye. An yi makarantar 'yan mata a Kabo, ta maza a Roni, makarantar Littafi Mai Tsarki kuma a Tofa. A 1954 majami'un da SIM ta kafa suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA.

Sai dai yawancin iyayenmu ba a hannun Bature suka ji bishara ba. A hannun masu bishara baƙar fata suka ji ta, mutanen kudancin Zariya da Filato da ƙasar Tangale, daga baya kuma 'ya'yan Maguzawan kansu, waɗanda sukan zo da mace da 'ya'ya da fartanya, a ba su ɗaki a gefen gida, su yi noma kamar kowa. A shekarun 1970 al'adar Maguzanci ta soma ja da baya da sauri, ga makarantar boko ta shigo ƙauyuka, gidaje suka rarrabu. Wasu suka musulunta, wasu suka shiga coci, wasu tsofaffi suka ce a bar su su mutu a kan abin da suka gada. Shi ya sa nake da baffa mai zuwa Masallacin Juma'a, da gwaggo shugabar mata a coci, uwa ɗaya uba ɗaya. Yau ban da ECWA akwai Katolika, akwai kuma Angilikan, waɗanda har suna da bishop nasu a Bari ta ƙasar Rogo.

A cocinmu ba a yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya yi wayo, ya ce da bakinsa ya ba da gaskiya, ya shiga ajin baftisma na wasu watanni, dattawa su yi masa tambayoyi, sannan a kai shi rafi ko bakin dam fasto ya nutsar da shi ya tsamo shi, mata suna waƙa a bakin ruwa. Angilikan da Katolika suna yi wa jarirai, su bi da koyarwa in yaro ya tasa. Ko ta wace hanya aka bi, kuskuren da nake gani ya yi yawa a cikinmu shi ne ɗaukar ranar nan a matsayin ƙarshen aiki. Baftisma shuka ce kawai. Duk manomin Gwarzo ya san wanda ya yi shuka ya koma gida ya kwanta, bai yi firi ba, bai yi maimai ba, bai sa taki ba, ranar kaka ciyawa zai tarar.

Abu na farko da mai bishara ya yi wa mahaifina, tun kafin maganar baftisma, shi ne ya koya masa karatu. Da rani, bayan an gama sussuka an zuba hatsi a rumbu, magidanta sukan taru da dare a ƙofar ɗakin mai bisharar da fitilar ƙwai, suna haɗa baƙi da wasali. Mutum mai 'ya'ya huɗu ya zauna yana nuna harafi da yatsa. Ba don neman aikin gwamnati suke yi ba, so suke su karanta Littafi da idonsu, su bi Littafin Waƙoƙi ba sai an ja musu baki ba. Mahaifina ya soma da Bisharar Markus, don ita ce mafi gajarta kuma labarinta a miƙe yake. Har ya tsufa, kafin a fita gona yakan tara mu a tsakar gida, a yi waƙa ɗaya, a karanta 'yan ayoyi, ya tambayi ɗaya daga cikinmu abin da ya ji, a yi addu'a. Duka bai kai lokacin da ake ɗauka a dama kunu ba. A lokacin mun ɗauka takura ce. Da na girma na lura duk ayar da ta zo min a bakin kabari ko a gadon asibiti, a wannan tsakar gidan na fara jin ta. Littafin mahaifina tsohuwar fassara ce ta 1932, mu kuma muka tashi da ta 1979, wadda Hausarta ta fi kusa da yadda muke magana.

Karatu dai ana iya koyonsa cikin rani ɗaya ko biyu. Inda ake gane ko bangaskiyar mutum ta yi saiwa a yankinmu shi ne ranar da ciwo ya shigo gida. Bamaguje ya tashi da sanin cewa ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa yana da mai shi, wani iska ne aka saɓa masa, kuma akwai kalar kaza ko akuyar da za a yanka masa. Wannan sani ba ya fita daga jikin mutum don an nutsar da shi a ruwa. Na tuna lokacin da ƙanwata ta kwanta da zazzaɓin da ke sa ta shiɗewa. Kakata, wadda ba ta taɓa barin al'ada ba, ta zo ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce da mahaifina: "Kai ɗan nan, ka bar yarinya ta mutu saboda taurin kai? Jan zakara ɗaya ne fa." Ya sunkuyar da kai ya ce: "Inna, ki yi haƙuri. Ban raina ki ba, amma wannan hanyar na bar ta. Asibiti za mu, ki sa mana albarka." Ya goya yarinyar a keke, mai bishara na biye da shi, suka kama hanyar Gwarzo cikin dare. Ba na kawo labarin nan don in ce warkewarta ce hujja, domin na san gidajen da suka yi daidai abin da ya yi amma suka dawo da gawa, kuma ba su koma wurin boka ba. Abin da ya zauna min a rai shi ne yadda ya ƙi abin da uwarsa ta nema ba tare da ya ɗaga mata murya ba, kuma washegari shi ya kai mata itace kamar kullum.

Har yau wannan jarrabawa tana nan, ta sake kama ne kawai. Akwai mai zuwa coci da laya ɗaure a ƙugu ƙarƙashin riga. Akwai wadda za ta yi addu'a da safe ta aika wurin mai duba da yamma. Ba na ganin tsawa daga kan bagade tana maganin wannan. Tsoro ne, kuma tsoro ba ya fita sai wani ya zauna kusa da kai a daren da yake damunka.

Giya ma ta kasance babban mizani. A gidan Bamaguje burkutu ba shaye-shaye ba ne kawai, da ita ake gayya, da ita ake biki, da ita ake karɓar baƙo, mata kuma da dafa ta suke samun kuɗin kansu. Da SIM da ECWA suka hana, wanda ya tuba ya rasa wurin zama cikin sa'o'insa, matarsa ta rasa sana'a. Sai da aka koyi yin gayya da kunu da fura da tuwo, mata suka koma ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da kiwon awaki. Haka ranar Lahadi: saurayin da ke noma a gandun ubansa ya ce ba zai ɗauki fartanya ba a tsakiyar damina, ciyawa na cin gona. Masu hankali cikin masu bishara sukan gaya wa irin wannan saurayi ya riga kowa fita sauran kwana shidan, don kada uban ya ce sabon addini lalaci ya koya wa ɗansa. Maganar mai mata biyu ko uku da ya tuba kuwa ta fi duka zafi, kuma ina cikin masu ganin an yi wa wasu mata da 'ya'yansu rashin adalci a zamanin farko, lokacin da aka matsa wa maza su sallami matan da ba su yi laifin komai ba.

In ana maganar wanda ya riƙe coci a ƙauyukanmu, a ba Zumuntar Mata haƙƙinta. Su ne ke taruwa kowane mako ko maza sun zo ko ba su zo ba, da tulunsu na kiɗa da cakinsu, suna rera waƙoƙin da suka ƙaga da kansu a kan muryar daɓe da ta niƙa. Mace da ba ta iya karatu ba za ta ba ka labarin Yusufu da 'yan'uwansa daga farko har ƙarshe, domin a waƙa ta haddace shi. Su ke kai wa mai jego ruwa da itace, su ke kwana a gidan makoki, su ke tara mudu-mudu na hatsi don gwauruwa. Amarya in ta shigo, akwai babbar mace da za ta ja ta a jiki, ta koya mata addu'a da zaman gida a lokaci guda. Maza muna da kwamiti da littafin rubuta bayanin taro, amma almajirancin da Littafi ke nufi, na mutum da mutum, a wurin matan nan na fi ganinsa. Ƙungiyar Sabon Rai, wadda ta samo asali daga wani shirin bishara da aka fara a Arewa a shekarun 1960, ita ma a kan haka aka gina ta: talakawan coci su riƙa taruwa kaɗan-kaɗan suna addu'a, su fita biyu-biyu, kada a bar wa fasto komai.

Sai kasuwa. Mu 'yan tsiraru ne, kowa ya san mu, kuma maƙwabcinmu ba zai taɓa shiga coci ya ji wa'azi ba. Abin da zai sani game da Almasihu shi ne abin da ya gani a mudunmu. In ka cusa ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwando ka jera masu kyau a sama, in ka zuba tsakuwa a buhun waken suya, in ka karɓi bashin taki da alkawarin biya da kaka sannan ka soma sauya hanya, to ka gama wa'azinka, kuma ba kai kaɗai za a zaga ba. Wasiƙar Yakubu, wadda nake yawan koyarwa a ajina, kusan duk a kan irin wannan take: harshe, da hakkin ɗan ƙwadago, da fifita mai kuɗi a kan talaka, da bangaskiyar da ba ta da aiki. Akwai wani dattijo a cocinmu, ya rasu yanzu, wanda Musulmin ƙauyen suke kai wa ajiyar kuɗin adashi, in rikicin iyakar gona ya tashi kuma a ce a kira shi ya faɗi inda tsohuwar iyaka take. Bai taɓa hawa bagade ba, da ƙyar yake karatu. Ban san wanda ya fi shi girma cikin bangaskiya ba a duk waɗanda na sani.

Zama da maƙwabta yana da daɗinsa, yana da ɗacinsa, kuma ba zan ɓoye ko ɗaya ba. Da Sallah ana aiko mana da nama da tuwo, da Kirsimeti mu aika da shinkafa, kuma mukan kira Musulmi ya yanka mana dabbar don kowa ya ci hankali kwance. Muna zuwa suna, suna zuwa mana gaisuwar mutuwa. A gefe guda kuma, a makarantar da na yi babu malamin darasin addinin Kirista ko ɗaya, in lokacin darasin addini ya yi sai mu fita gindin bishiya. Na taɓa zuwa neman takarda a wani ofis, ma'aikacin ya ga sunana ya ɗago kai ya ce in faɗi asalin garinmu na gaskiya, alhali kabarin kakan kakana yana nan cikin gonarmu. Irin wannan yana ciwo. Neman haƙƙi ta hanyar doka daidai ne, kuma ƙungiyoyi irin su Tarayyar Masihiyawan Nijeriya suna yin magana a kai. Amma Yesu ya umarce mu da mu ƙaunaci wanda ya ƙi mu, mu yi masa addu'a, kuma bai ce sai in abin ya zo da sauƙi ba. Na ga samarinmu da ɓacin rai ya cinye su har ba sa iya gaida maƙwabci da fuska a sake. Wanda ya kai nan, ko kullum a coci yake kwana, ya tsaya da girma. Ni kaina nakan koma in roƙi Allah ya wanke min zuciya game da mutumin ofishin nan, domin abin yakan taso.

Abin da ya fi damuna yanzu ba daga waje yake ba. Iyayenmu sun biya farashi kafin su zama Kirista: an yi musu dariya, wasu an hana su gona, wasu an hana su mata. Mu gado muka ci, 'ya'yanmu kuma ba su ma san akwai wani farashi ba. Yaro zai tafi Kano ko Kaduna ko Abuja ci-rani ko karatu, ya dawo da waya cike da wa'azin masu cewa duk wanda ya ba da gaskiya ba zai yi talauci ba, ba zai yi ciwo ba, ya shuka kuɗi ya girbi mota. Sai ya dubi ubansa da ya shekara arba'in yana bin Ubangiji da keke ɗaya, ya ɗauka tsohon bai iya addu'a ba. Wannan koyarwa ƙarya ce, kuma a ƙauye ta fi yin ɓarna, domin tana sa talaka mai aminci ya ji kunyar kansa. Manzo Bulus da hannunsa yake ɗinkin tanti yana ci, an daddake shi, an ɗaure shi. In wadata ce ma'aunin bangaskiya, to shi ne farkon wanda ya faɗi.

Ga kuma maganar harshe. Wasu matasa sun soma ganin addu'a da Turanci ta fi ƙarfi, waƙar Turanci ta fi wayewa, alhali tsohuwar da ke zaune a benci na gaba ba ta jin ko kalma. Ba na ƙin Turanci, 'ya'yana suna koyonsa kuma ina so su ƙware. Amma mutum da harshen da yake kuka da shi yake tuba, mu kuwa namu Hausa ne. Mutane sun ƙarar da shekarunsu don Littafi ya zo mana da shi, ga shi yanzu har a waya ana samunsa, a karanta ko a saurara. Ba mu da uzuri.

Akwai kuma horon ikilisiya, inda ake dakatar da wanda ya yi babban laifi daga cin Jibin Ubangiji har ya tuba a dawo da shi. Abu ne mai kyau in an yi shi da hawaye. Sai dai na lura yarinyar da ta yi ciki ita ake saurin sa wa horo, mai cin amanar kuɗin coci ko mai dukan matarsa kuwa a ce a bi a hankali, musamman in yana da hannu da shuni. Matasa suna gani, kuma suna lissafi.

Ni a ajina na rage yawan bayani. Da rani nakan nemi kowane magidanci da ya iya karatu ya ɗauki mutum ɗaya, saurayi ko sabon tuba ko tsohon da bai samu zuwa makaranta ba, su riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako a ƙofar gida, su karanta sura ɗaya ta Markus, su tambayi juna yadda makon ya wuce, wa aka ɓata wa, wa ake bin bashi, me ake tsoro. Wasu sun riƙe, wasu sun watsar da zarar ruwan farko ya sauka. Waɗanda suka riƙe sun roƙi a ci gaba da Ayyukan Manzanni in an gama girbi, kuma biyu daga cikinsu sun ce wannan karon su ma za su ɗauki nasu mutumin. Matsalar da ke gabanmu ita ce littattafai, domin a gidaje da dama Littafi ɗaya ne ake karɓa-karɓa, wani ma bangonsa ya fita. Dattawa sun amince a ware wani abu daga hatsin godiyar kaka ta bana a sayar, a aika Kano a sayo.